Kar a Kira Ni: Tarihin Yaƙin Amurka da Masu Talla ta Waya

A ranar 25 ga Satumba, 2003, Majalisar Dokokin Amurka ta yi abin da ba kasafai take yi ba: ta yi muhawara a kan ƙuduri, ta zartar da shi a yini guda. A Majalisar Wakilai mutum 412 suka goyi baya, 8 suka ƙi. A Majalisar Dattawa mutum 95 suka amince, babu wanda ya ja. Abin da ya tayar da hankalin 'yan majalisar shi ne hukuncin da wani alƙalin tarayya a birnin Oklahoma, Lee West, ya yanke kwana biyu kafin nan, cewa Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayya, wato FTC, ba ta da hurumin buɗe rajistar da mutane za su sa lambobinsu don a hana masu talla kiran su. A lokacin lambobi kimanin miliyan 50 sun riga sun shiga rajistar. Da labarin ya bazu, sai jama'a suka nemo lambar ofishin alƙalin, suka yi ta kiran sa ba ƙaƙƙautawa, don shi ma ya ɗanɗana.

Wannan rajista, da ake kira "Kar a Kira", tana cikin matakan gwamnati da suka fi samun karɓuwa a Amurka, kuma ta yi aikin da aka kafa ta dominsa. Duk da haka, shekara ashirin da ɗoriya bayan kafa ta, wayoyin Amurkawa ba su huta ba. Tarihin yadda aka yi nasara kuma aka ci gaba da shan wahala yana nuna iyakar abin da doka za ta iya yi wa mai waya: tana iya tsawatar wa ɗan kasuwar da ke da suna da adireshi, amma da zarar lambar mutum da bayanansa sun zama hajar da ake saye da sayarwa, hana kira kaɗai ba ya wadatarwa.

Yadda waya ta zama kasuwa

Kafin wayar tarho ta game gidaje, mai talla a Amurka da ƙafarsa yake bin ƙofa ƙofa. Gajiya da nisan tafiya su ne suka iyakance yawan gidajen da zai dama a yini. Waya ta kawar da wannan iyaka. A 1961 kamfanin AT&T, wanda ke riƙe da kusan dukan layukan ƙasar, ya fito da wani tsari da ke ba kamfanoni damar biyan kuɗi a dunƙule su yi ta kiran nesa. A farkon shekarun 1960 ɗin ne kuma kamfanin motoci na Ford ya gudanar da gangamin da ake yawan ambata a matsayin na farko irinsa, inda aka ɗauki dubban matan aure suna kira daga gidajensu don gano masu niyyar sayen mota.

Abubuwa biyu suka ƙara rura wutar a shekarun 1980. Na farko, a 1984 aka rarraba AT&T, aka buɗe gasa a kiran nesa, farashi ya sauka, kamfanonin waya irin su MCI da Sprint kuma suka shiga sahun masu kiran mutane suna lallashinsu su sauya layi. Na biyu, aka ƙirƙiro na'urar da ke buga lambobi da kanta, tana lissafin lokacin da ma'aikaci zai gama magana, tana kiran gidaje fiye da yawan ma'aikatan da ke zaune. Idan mutane da yawa suka ɗaga a lokaci guda, wasu sai su ji shiru, layin ya katse.

Lissafin wannan sana'a mai sauƙi ne. Ko da mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ne suka saya, kamfani ya ci riba, sauran kuwa lokacinsu aka ci ba tare da an biya su ba. An fi kira da maraice, lokacin cin abincin dare, saboda a sa'ar ce ake samun mutane a gida. Wayar gida ta wancan zamani ba ta nuna mai kira, don haka babu mai iya ƙyale ta tana ƙara, domin ƙila ɗa ne daga makaranta, ko asibiti, ko tsohuwa da ta faɗi.

Dokar 1991 da kuskurenta

A 1991 Majalisa ta zartar da Dokar Kare Masu Amfani da Waya, Shugaba George H. W. Bush ya sa mata hannu a watan Disamba. A gabatarwar dokar, Majalisa ta rubuta cewa masu talla fiye da 300,000 suna kiran Amurkawa fiye da miliyan 18 a kowace rana. Sanata Ernest Hollings na Carolina ta Kudu, wanda ya jagoranci ƙudurin, ya siffanta kiran na'ura da annobar wannan zamani, mai tayar da marasa lafiya da tsofaffi daga gado. Dokar ta taƙaita amfani da muryar da aka naɗa, ta kuma ba wanda aka dama damar kai ƙara ya karɓi dala 500 kan kowane kira, ko har 1,500 idan da gangan aka yi. Ƙa'idojin da suka biyo baya sun hana kiran talla kafin ƙarfe takwas na safe da bayan tara na dare.

Dokar ta ba Hukumar Sadarwa ta Tarayya, FCC, zaɓin kafa rajista guda ta ƙasa baki ɗaya. A 1992 hukumar ta ƙi wannan zaɓi saboda tsada, ta ce kowane kamfani ya ajiye nasa jerin waɗanda suka ce kar a sake kiran su. Wannan ya ɗora nauyin a kan wanda ake damu. Sai an kira shi tukuna zai iya cewa a daina, kuma sai ya faɗa wa kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya, a ƙasar da Majalisa da kanta ta ƙidaya kamfanoni sama da 30,000 masu wannan sana'a. A 1994 aka ƙara wata doka kan zamba ta waya, wadda ta ƙiyasta asarar jama'a a dala biliyan 40 a shekara, ta kuma ba FTC ikon tsara ƙa'idoji, waɗanda suka fara aiki a 1995. Kiran bai ragu ba. Zuwa 2003 FCC ta ƙiyasta cewa ana iya yin kiran talla har miliyan 104 a rana, wato ninki biyar da ɗoriya na adadin 1991. Jihohi fiye da ashirin sun gaji da jira, sun buɗe nasu rajistoci.

Shekarar 2003

Shugaban FTC na lokacin, Timothy Muris, masanin shari'a ne da aka san shi da rashin son gwamnati ta cika tsoma baki a kasuwa. Amma a wannan batu ya ga cewa rajista ba ta hana kowa kasuwanci, mai gida ne kawai take ba dama ya rufe ƙofarsa. An buɗe ta ranar 27 ga Yuni, 2003, kyauta, ta intanet ko ta waya. Cikin kwana huɗu lambobi sama da miliyan 10 suka shiga. Kamfanonin talla aka wajabta wa biyan kuɗin duba jerin da kuma goge lambobin daga nasu, kuma duk wanda ya saɓa yana iya fuskantar tarar dala 11,000 kan kira ɗaya.

Masu sana'ar sun tashi haiƙan. Ƙungiyarsu ta yi gargaɗin cewa mutum miliyan biyu za su rasa aiki, ta kuma garzaya kotu da hujjar 'yancin faɗar albarkacin baki. A ƙarshen Agusta marubucin barkwanci Dave Barry na jaridar Miami Herald ya wallafa lambar ƙungiyar a filinsa, ya ce tunda kiran mutane 'yanci ne, masu karatu ma su more shi. Dubban mutane suka kira, har ƙungiyar ta katse layin.

A ranar da Majalisa ta warware hukuncin West, wani alƙali a Denver, Edward Nottingham, ya sake dakatar da rajistar da hujja mafi nauyi. Ya ce an hana 'yan kasuwa kira an ƙyale ƙungiyoyin agaji, alhali ƙarar waya ɗaya ce, don haka gwamnati tana fifita wata magana a kan wata. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci ranar 17 ga Fabrairu, 2004. Ta dogara, a cikin wasu hujjoji, da hukuncin Kotun Ƙoli na 1970 a shari'ar Rowan, wanda ya shafi wasiƙun talla, inda aka tabbatar da cewa 'yancin mai magana ba ya ba shi ikon cusa saƙonsa cikin gidan wanda ba ya so. Kotun ta lura cewa gwamnati ba ta toshe bakin kowa ba, mai waya ne ya zaɓa da kansa. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙara a watan Oktoba na wannan shekara. Da farko rajistar lamba tana ƙarewa bayan shekara biyar. A 2008 aka mayar da ita ta dindindin. A yau lambobin da ke ciki sun haura miliyan 240.

Manyan kamfanoni sun bi doka, waɗanda suka yi sakaci kuma sun ji jiki. A 2017 wata kotun tarayya a Illinois ta ci kamfanin talabijin na Dish Network tarar dala miliyan 280 saboda miliyoyin kiran da shi da dillalansa suka yi. Daga baya aka sasanta a kan miliyan 210 a 2020. Irin wannan hukunci yana yiwuwa ne saboda kamfanin yana da ofis, da asusun banki, da sunan da yake kishin karewa.

Lokacin da kira ya zama kusan kyauta

A daidai shekarun da rajistar ke kafuwa, fasahar kira ta intanet tana bunƙasa. Da kwamfuta ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan, mutum a ko'ina cikin duniya zai iya aika miliyoyin kira da muryar da aka naɗa. Fasahar ta kuma ba shi damar rubuta kowace lamba ya ga dama a fuskar wayar wanda ya kira, domin tsohon tsarin waya an gina shi ne bisa amana tsakanin kamfanoni kaɗan, babu wanda ke tantance ko lambar da aka nuna ta gaskiya ce.

A 2009 FTC ta haramta yawancin kiran talla da muryar da aka naɗa, sai da rubutacciyar amincewar mai waya. Masu zamba ba su ko waiwaya ba. Amurkawa sun saba da muryar wata mace da ke kiran kanta Rachel, tana alkawarin rage kuɗin ruwan katin bashi. Ana rufe wata ƙungiya mai amfani da muryar, wata ta ɗauka. A 2012 hukumar ta sa kyautar dala 50,000 ga duk wanda ya kawo dabarar toshe irin wannan kira, abin da ya nuna cewa ta gane lauyoyi kaɗai ba za su iya ba. Ƙorafin da take karɓa ya haura miliyan 7 a 2017.

Shari'ar Adrian Abramovich na Miami ta nuna girman lamarin. FCC ta ce cikin wata uku a ƙarshen 2016 ya yi kira sama da miliyan 96, yana sojan gona da lambobin da suka yi kama da na unguwar wanda ake kira, yana kuma fakewa da sunayen sanannun kamfanonin otal da tafiye-tafiye. A 2018 aka ci shi tarar dala miliyan 120. Sai dai yanke tara daban, karɓar ta daban. A Maris 2019 jaridar Wall Street Journal ta gano cewa daga tarar fiye da dala miliyan 208 da FCC ta yanke kan irin waɗannan laifuka tun 2015, dala 6,790 kacal ta shigo hannu. A ƙarshen 2019 aka sake yin doka, wadda ta tilasta wa manyan kamfanonin waya, daga tsakiyar 2021, su riƙa sa wa kowane kira wani hatimin lantarki da ke tabbatar da lambar da ya fito. Matakin ya rage wani abu, amma kiran da ya ratso ta tsofaffin layuka ko daga ƙetare yakan iso babu hatimin.

Lambar da kanta ita ce hajar

Tun ranar farko rajistar tana da ƙofofi a buɗe. Ba ta shafi 'yan siyasa ba, ko ƙungiyoyin agaji, ko masu jin ra'ayin jama'a. Kamfanin da mutum ya yi ciniki da shi yana iya kiran sa har wata 18 bayan cinikin, ko wata uku bayan ya yi tambaya kawai. Mafi faɗin ƙofar kuwa ita ce amincewa: duk wanda ya yarda a rubuce a kira shi, rajista ba ta kare shi.

A nan ne dillalan bayanai suka sami kasuwa. Kira ba ya da amfani sosai idan ba a san wanda ake kira ba, amma lambar da ke haɗe da suna, da shekaru, da bashi, ko ciwo, tana da daraja. A 2007 wani binciken jaridar New York Times ya nuna yadda ake sayar da jerin sunayen tsofaffi masu fama da ciwon daji ko ciwon mantuwa, yana kuma faɗawa hannun mazambata. Akwai ma jerin waɗanda aka taɓa damfara, wanda ake sayarwa da tsada, bisa tunanin cewa wanda ya faɗa sau ɗaya zai iya sake faɗawa. A Oktoba 2016 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi mutane da kamfanoni 61 kan wasu cibiyoyin kira a Ahmedabad ta ƙasar Indiya, waɗanda ke kiran Amurkawa da sunan jami'an haraji ko na shige da fice suna barazanar kamu. Takardar tuhumar ta ce daga dillalan bayanai suke samun bayanan waɗanda za su kira. Abin da ke sa a yarda da mazambaci shi ne ya riga ya san sunan mutum da inda yake zaune.

Ita kanta amincewar ta zama abin sayarwa. A Yuli 2023 FTC ta zargi kamfanin Fluent na New York da yaudarar mutane ta shafukan intanet masu alkawarin aiki ko katin kyauta, inda mai cike fom yake amincewa, ba tare da ya lura ba, kamfanoni masu yawa su kira shi. Hukumar ta ce cikin shekara biyu, 2018 da 2019, kamfanin ya tara ya sayar da irin waɗannan bayanai fiye da miliyan 620. An sasanta a kan tarar dala miliyan biyu da rabi. A ƙarshen 2023 FCC ta yi ƙoƙarin rufe wannan ƙofa da ƙa'idar cewa amincewa ɗaya ta kamfani ɗaya ce tak, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar a Janairu 2025, kafin ta fara aiki. Har yanzu Amurka ba ta da gamammiyar dokar tarayya ta kare bayanan mutane irin wadda Tarayyar Turai ta fara aiki da ita a 2018. Ta yi shekara talatin tana yaƙar kira, ta bar kasuwar da ke ciyar da kiran tana ci.

Abin da ya rage a hannun mai waya

Shawarar da hukumomin Amurka ke bayarwa a yau ta sha bamban da ta shekarun 1990, lokacin da ake koya wa mutane su ce a cire su daga jeri. Yanzu cewa suke a kashe wayar kawai. Kada a danna wata lamba ko da muryar ta ce hakan zai dakatar da kira, domin dannawa tana tabbatar da cewa layin yana da mai shi. Kada a amince da lambar da ta bayyana a fuskar waya. Idan mai kira ya ce daga banki ko hukuma yake, a katse, a kira lambar da ke jikin kati ko takardar hukumar. Rajistar ma ta sami wani amfani da ba a yi niyya ba: wanda ya sa lambarsa, kuma baƙon kamfani ya kira shi da talla, ya san tun daga sallama cewa da mai karya doka yake magana.

Najeriya ta bi irin wannan hanya a gajeren lokaci. A 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin layi su samar da lambar 2442, inda mai waya zai aika kalmar STOP don a daina turo masa tallace-tallacen da bai nema ba. Kamar takwararta ta Amurka, tana aiki a kan masu lasisin da za a iya hukuntawa. Ba ta da iko a kan wanda ke kira da sunan ma'aikacin banki yana neman lambar BVN, ko lambar sirri ta kati, ko lambobin da banki ya turo don tabbatar da ciniki. Manhajojin ba da bashi da suka riƙa kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashi, suna kiran danginsa da abokan aikinsa don tozarta shi, har hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, sun sami waɗannan lambobi ne ta izinin da mai wayar ya danna da hannunsa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ɗan Najeriya 'yancin janye amincewarsa da kuma ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla, wanda mataki ne da ya tunkari tushen matsalar, idan aka aiwatar da shi.

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Karin maganar ba ta wanke ɓarawo, kuma nauyin farko yana kan hukumomi da kamfanonin da ke riƙe da bayanan jama'a. Amma darasin Amurka shi ne, kiran da ke damun mutum yau sau da yawa ya samo asali ne daga fom ɗin da ya cike watanni baya: takardar shiga gasa a kanti, shafin neman aiki, manhajar da ta nemi ganin lambobin wayarsa alhali aikinta bai buƙaci haka ba. Rajista tana iya hana kamfani mai mutunci kira, amma babu dokar da ta taɓa iya dawo da lambar da aka riga aka sayar wa dillali na uku da na huɗu. Lokacin da mai waya ke da cikakken iko shi ne kafin ya rubuta lambar, sa'ad da yake iya tambayar wa zai ajiye ta, kuma wa za a ba.